Giethoorn, ƙauyen da ya haƙe ƙasarsa ya sayar ruwa ya maye gurbin

Da wuya mutum ya daɗe yana hawa Facebook ko TikTok bai ci karo da hoton garin nan ba, gidaje masu jinka kowanne a kan ɗan tsibirinsa, ruwa ya ratsa tsakaninsu, ga ƙananan gadoji na katako, sai a rubuta a ƙasa wai ga garin da babu titi babu mota kowa a kwale-kwale yake yawo. Sunan garin Giethoorn, a ƙasar Holan yake cikin lardin Overijssel, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota daga Amsterdam in ka nufi arewa maso gabas, kuma mutanensa ba su kai 3,000 ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kusan duk masu yaɗa hoton ɗauka suke ruwan nan ado ne aka yi don kyau, ko kuma haka aka tarar da wurin aka zo aka yi gini a kai. To ba haka ba ne. Mafi yawan ruwan da kake gani a hoton nan rami ne, hannun talaka ya haƙa shi, ƙasar da aka kwashe daga ciki kuma an loda ta a jirgi an kai birane an ƙone ta a murhu. E, ƙasa fa nake nufi, ita aka dinga girki da ita ɗaruruwan shekaru.

Sai an gane wannan ƙasar tukuna kafin a gane garin. Mu a wajenmu in ciyawa ta mutu rana da gara da zafi kan gama da ita cikin 'yan watanni, ta koma taki. Amma a fadamar da ruwa ke kwance shekara da shekara, ga sanyi, ga shi iska ba ta shiga cikin lakar, ciyawa in ta mutu ba ta gama ruɓewa, sai ta kwanta, ta baɗi ta zo ta kwanta a kanta, ta baɗin baɗaɗa ma haka. A hankali sai abin ya danne ya zama wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, cike da ruwa, wadda in ka duba da kyau za ka ga saiwoyi da zare-zaren ganye a ciki. Girmanta a shekara bai wuce milimita ɗaya ba, wato kafin a samu kaurin mita ɗaya sai an yi wajen shekara 1,000. In aka yanko ta aka shanya ta bushe sai ta kama da wuta, tana ci a hankali da hayaƙi mai wani irin ƙamshi, ba ta kai kwal zafi ba amma tana daɗewa. Mutanen Holan suna ce mata veen in tana cikin ƙasa, in an yanka an busar kuma ta zama turf. Ni dai zan kira ta gawayin fadama, don shi ya fi kusa da aikinta, kuma dama in aka bar ta a binne miliyoyin shekaru ita ce ke zama kwal.

Sunan garin ya fara bayyana a rubuce a 1225, lokacin yankin yana ƙarƙashin limamin kirista na Utrecht wanda shi ne kamar sarkin ƙasar. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne wai waɗanda suka fara zama sun yi ta tono ƙahonin awaki a cikin laka, awakin da babbar ambaliyar 1170 ta kashe, shi ne suka sa wa wurin Geytenhoren, ma'ana ƙahon akuya, har gobe ƙahonin suna jikin tambarin garin. Masana harshe kuma suka ce kalmar hoorn tana iya nufin kusurwar ƙasa da ta tsoma kai cikin ruwa, ba lallai ƙaho ba. Akwai wani labarin ma da ake faɗa wa 'yan yawon buɗe ido, cewa wasu masu tuba da ke zane jikinsu da bulala ne suka taso daga wajen tekun Bahar Rum suka kafa garin, ni wannan ban yarda da shi ba, saboda wannan ɗariƙar a 1260 ta ɓulla a Perugia ta Italiya, sunan garin kuwa ya riga ta shiga takarda da shekara 35. Abin da yake tabbas shi ne mutanen da suka zauna nan ba masu hali ba ne, wa zai bar tudu ya zo ya kafa bukka a kan ƙasar da ke rawa in ka taka? Daga ƙarni na 16 ma wurin ya zama mafakar wasu kiristoci mabiya Menno Simons, masu ƙin ɗaukar makami da ƙin rantsuwa, waɗanda hukuma ke farauta a lokacin, fadama ta ɓoye su, kuma har yau cocinsu na nan a garin.

Da farko noma suka gwada. Sukan ja lambatu su tsane ruwan fadamar su shuka hatsi, amma ita wannan ƙasar tana da wani hali, da zarar ta bushe iska ta shige ta sai ta fara ruɓewar da ta ƙi yi shekaru dubbai, tana ƙanƙancewa tana lotsawa, gonar da jiya take tudu sai a wayi gari ta koma kwari ruwa ya dawo. Noman hatsi ya gagara, sai kiwo, sai kuma yankan ƙasar kanta. Da fari saman kawai ake yanka, wanda ke sama da ruwa, da wani irin shebur mai kaifi, a jera a shanya kamar yadda ake shanya tubali. In an cinye na kusa da gida sai a matsa gaba, shi ya sa garin ma bai zauna wuri ɗaya ba, ya yi ta tashi yana matsawa gabas yana bin abincinsa, yana barin ruwa a baya. Siffar da yake da ita yau, dogon layi ɗaya siriri na kilomitoci da unguwanni uku, Noordeinde da Middenbuurt da Zuideinde wato bakin arewa da tsakiya da bakin kudu, daga nan ta samo asali, kowane gida na bakin babbar magudanar ruwa filinsa kuma ya miƙe dogo a bayansa.

To me ya sa abin ya wuce na girkin gida ya zama kasuwa? Amsar tana biranen yamma. Holan ta cinye dazuzzukanta tun da wuri, itace ya yi tsada, kwal kuma a lokacin daga waje ake kawowa. Ga Amsterdam da Leiden da Haarlem da Delft suna ta cika da mutane a ƙarni na 16 da 17, ga masu gasa bulo, masu ƙona farar ƙasa, masu dafa gishiri, masu tace sukari, masu rini, masu gidan burodi, masu haɗa giya, kowa wuta yake nema, ga sanyin hunturu da in ba ka hura wuta a ɗaki ba yana iya kashe ka. Zamanin da ake kira zamanin zinare na Holan, lokacin da jiragensu suka cika tekunan duniya, wutar da ke ƙarƙashinsa wannan gawayin fadama ne. Kuma abin da ya ba su sa'a fiye da maƙwabtansu shi ne fadamun nasu suna daidai da bakin ruwa, kaya mai nauyi da arha irin wannan in da a amalanke za a ɗauka kuɗin dako ya cinye ribar, amma a jirgi ba komai ba ne. Daga Giethoorn ƙananan kwale-kwale ke fitar da shi ta magudanun da aka haƙa, a kai garuruwan tashar jirgi, Blokzijl ko Zwartsluis, can a juye a manyan jirage su tsallaka tekun Zuiderzee sai Amsterdam. In ka ga hotunan Blokzijl yau da gidajen 'yan kasuwa na dutse masu tsayi, ka san inda ribar ta zauna, ba a hannun masu shiga laka ta zauna ba.

Nan ne aka zo gaɓar da ta canja komai. Da na saman ya ƙare sai aka ce ai akwai sauran a ƙarƙashin ruwa, mita biyu uku har ka taɓo yashi. Aka fito da wani kayan aiki a ƙarni na 16 da suke kira baggerbeugel, ka ɗauka koma ce ta kamun kifi amma bakinta zoben ƙarfe ne mai kaifi a kan doguwar sanda, mutum ya tsaya a kan katako ko cikin jirgi ya zura ya kankaro lakar daga ƙasa ya jawo da ƙarfin ƙugu da kafaɗa. Wani na jira da babban akwatin katako, a zuba a ciki a ƙara ruwa a tattake a kwaɓa har ya yi laushi ɗaya kamar yadda magini ke cuɗa ƙasar gini, sannan a kwashe a shimfiɗa a kan busasshen wuri. In ya ɗan sha iska sai a ɗaura faifan katako a ƙafa a bi ana takawa don ya danne ruwan ya fita, a zo da wuƙa mai dogon mariƙi a yanka gida-gida, in ya ƙara bushewa a ɓamɓare a jujjuya a jera a tara. Maza ne ke jawo lakar, juyawa da jerawa kuma mata da yara. Kuma aikin yana da lokaci, daga farkon ɗumi wajen Afrilu zuwa tsakiyar shekara dole a tsaya, don in ƙanƙara ta riski gawayin bai bushe ba ya farfashe an yi asara, shi ya sa tun duku-duku ake shiga ruwa mai sanyi a wuni a ciki har duhu, ana biyan mutum gwargwadon faɗin abin da ya shimfiɗa. Wallahi duk lokacin da na ga hoton gidajen nan masu furanni bayan mutanen nan nake tunawa.

Yanzu ka lura da wannan, don shi ne zuciyar maganar. In za ka haƙa dogon rami dole ka bar siririyar ƙasa a gefe inda za ka shanya, sai ka sake haƙa wani ramin, ka sake barin wata, abin ya zama kamar kunya da kwari a gona, sai dai kwarin nan ruwa ne. Ramin suna ce masa weer, kunyar kuma rib, kalmar da ke nufin haƙarƙari, in ka kalli taswirar yankin daga sama kuwa za ka ga dalili. Matsalar ita ce ita ma kunyar ai gawayi ce, kuɗi ne a kwance, kowa na ganin in ya ɗan ƙara yanka taki ɗaya daga gefe babu abin da zai faru, maƙwabcinsa ma haka yake gani, ramuka suka yi ta faɗi kunyoyi suna ta sirancewa. Ruwa kuma in ya samu fili iska na kaɗa shi, igiyar ruwa ta dinga dukan wannan ƙasa mai laushi tana gutsura, kunya ɗaya ta faɗi ramuka biyu su haɗe, filin ruwan ya ƙaru, igiyar ta ƙara ƙarfi, ta gaba ma ta faɗi. Mutanen Holan har suna suka sa wa wannan abu, kerkecin ruwa, saboda yadda yake cin ƙasa. Can kusa da Amsterdam haka tafkin Haarlemmermeer ya yi ta girma har ya zama barazana ga birane, sai a 1852 aka gama zuƙe shi da injinan tururi, filin jirgin saman Schiphol a cikin kwarinsa yake zaune yanzu.

A kudu da Giethoorn akwai wani ƙauye da ake kira Beulake, su ma sana'arsu kenan, sun haƙe ko'ina kewaye da su har ya zama ƙauyen na tsaye ne a kan 'yan siraran kunyoyi. A watan Nuwamban 1775 guguwa ta taso daga Zuiderzee ta fasa madatsun bakin teku, Nuwamban 1776 ta sake dawowa, ruwan teku ya shigo ya tarar da ramuka a shirye, ya share kunyoyin ya tafi da gidajen. Mutane suka watse zuwa garuruwan kusa, cocin ya ɗan saura a tsaye shi ma ambaliyar Fabrairun 1825 ta gama da shi, wadda ta kashe mutum wajen 800 a ƙasar, wajen 300 daga ciki a lardin Overijssel kaɗai. Inda ƙauyen yake yanzu tafki ne babba, Beulakerwijde, mutane na wasan jirgin ruwa a kai. Duk manyan tafkunan nan na kewayen Giethoorn da ake kira wieden haka suka samu, haƙa ta fara guguwa ta ƙarasa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne in ka matsa arewa maso yamma kaɗan, yankin Weerribben wajen Kalenberg da Ossenzijl, ƙasa iri ɗaya ce, sana'a iri ɗaya, amma babu irin waɗannan manyan tafkuna, ramuka da kunyoyi suna nan a jere. Dalili kuwa can an fi yin haƙar daga baya, bayan an ga abin da ya faru, hukuma ta sa doka kan iyakar faɗin rami da mafi ƙarancin faɗin kunya, aka kuma tsaya a kan dokar. Ni a ganina ba za a ɗora wa mai jan laka laifi ba, mutumin da ake biya da awo ga yara na jiran abinci ba shi zai tsaya lissafin guguwar shekara hamsin masu zuwa ba, wannan aikin mai filin ne da mai hukuma, kuma wurare biyun nan da ke maƙwabtaka sun nuna bambancin da sa ido ke kawowa. Wanda ya san kududdufan da aka bari a Filato bayan haƙar kuza zai gane abin da nake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Da gawayin kusa ya fara ƙarewa, daga wajen 1750 mutanen Giethoorn da yawa suka kwashi iyali da kayan aiki suka haura arewa zuwa lardin Friesland, wajen Heerenveen da Oudehaske da Tjalleberd, suka kai musu wannan salon haƙa na cikin ruwa, har ana kiransa salon mutanen Giethoorn, kuma sunansu ya saura a jikin wasu magudanai da gadoji na can. Abin da ya faru a gida shi ya sake faruwa a can, ƙasa ta koma ruwa, 'yan ƙwadago kuma suka shiga wani irin talauci mai tsanani. Ubangidan aiki shi ke da kanti, dole a kantinsa za ka ci bashi duk hunturu da tsadar da ya ga dama, in lokacin biya ya zo a cire, wani sa'in ka gama aikin shekara ana bin ka. Yajin aiki ya zama kusan abin kowace shekara a farkon kakar aikin. Ba banza ba a 1888 mazaɓar Schoterland, tsakiyar wannan yanki, ta tura Ferdinand Domela Nieuwenhuis majalisa, ɗan gurguzu na farko da ya shiga majalisar Holan, masu haƙar suna kiransa mai cetonmu.

Su kuma waɗanda suka zauna a gida sai suka koma cin abin da ramukan suka haifar. Ramin da aka bari ba ya zama haka nan, ciyayin ruwa ke fara rufe shi, saiwoyinsu su sarƙe su zama wata tabarma mai yawo a kan ruwa da ake kira kragge, in ka taka tana lotsawa tana rawa, a kanta sai wata doguwar ciyawa mai kama da kyauro ta fito. Wannan ciyawar ita ta zama sabuwar sana'a, a yanke ta da hunturu a ɗaure dami-dami a sayar wa masu baibayar ɗaki, ta yankin Kalenberg ma ta yi suna sosai wajen ƙarko. Ga kamun kifi, ga harawa daga kunyoyi, ga 'yan shanun madara. To jinkar nan da ake ta yabawa a hoto asalinta rufin talaka ne, abin da ke bayan gida kyauta, mai kuɗi shi ke rufi da fale-falen yumɓu, yau kuma abin ya juye jinkar ce mai tsada don sai gwani ke yinta kuma inshorar gobara ta fi yawa. Siffar gidajen ma akwai dalili, za ka ga gaban gidan gajere bayansa ya yi tozo sama, suna kiransa mai doro ko bayan raƙumi, saboda filin gini kaɗan ne a kan tsibiri, in harawa ta ƙaru ba inda za a faɗaɗa sai sama. Gadojin nan sama da 170 kuma an ɗaga su ne don jirgi mai lodin harawa ya wuce ta ƙasa, yawancinsu ma na gida ɗaya ne, daga siririyar hanyar ƙafa zuwa ƙofar mutum. Shanu a jirgi ake kai su kiwo, amarya a jirgi, gawa a jirgi. Kwale-kwalen nasu mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ake kira punter da gora ake tura shi, don zurfin ruwan bai fi mita ɗaya ba a yawancin wurare, kuma har yanzu akwai masu sassaƙa shi a garin.

Kwal ne ya kashe kasuwar gawayin fadama, jiragen ƙasa da na ruwa suka dinga kawo shi daga Jamus da Ingila, daga baya Holan ta buɗe nata ma'adinan a Limburg, zuwa wajen 1920 haƙar ta zama tarihi a wannan yanki, gas ɗin da aka gano a Groningen a 1959 kuma ya rufe babin gaba ɗaya. A shekarun nan ne gwamnati ta ga fadamar a matsayin ƙasar banza da ya kamata a gyara. Aka kafa babban injin zuƙe ruwa na Stroink kusa da Vollenhove wajen 1920, daga 1928 aka fara busar da dubban kadada a kewayen garin ana mai da su gonaki, a shekarun 1930 lokacin karayar tattalin arziki marasa aikin yi aka dinga kwasowa daga birane suna yi da shebur da baro. A 1932 aka toshe bakin Zuiderzee da madatsar Afsluitdijk, tekun da ya ci Beulake ya zama tafkin ruwan daɗi, a 1942 kuma aka busar da wani yanki na tafkin da ake kira Noordoostpolder, Blokzijl da ke bakin teku ta wayi gari gonaki ne a gabanta. Wannan ya sa ruwan fadamar ya dinga tsiyayewa zuwa sabbin kwaruruka, masu yankan ciyawa suka koma kafa 'yan ƙananan injinan iska suna ɗebo ruwa suna jiƙa filayensu. An ci gaba da busarwar har ƙarshen shekarun 1960 kafin tunani ya juya aka ce abin da ya saura a bar shi.

Yawon buɗe ido kuwa fim ne ya buɗe masa ƙofa. A 1958 Bert Haanstra ya ɗauki fim ɗinsa Fanfare a garin, labarin 'yan badujalar ƙauye da suka rabu gida biyu, mutum wajen miliyan 2.6 suka kalla a ƙasar da a lokacin mutanenta miliyan 11 ne, daga nan 'yan ƙasa suka fara tururuwa. Daga baya sunan garin ya kai Chaina, har alluna da harshensu aka kakkafa, a 2015 kuma ƙuri'ar intanet ta sa Giethoorn ya samu gurbi a bugun duniya na Monopoly, wasan allo na sayen filaye, kusa da manyan birane. Yanzu baƙi wajen miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. Kuɗi ya shigo ba ƙarya, jikokin masu jan laka su ne masu hayar jirage masu batir da gidajen abinci da otal. Amma ka auna mutum ƙasa da 3,000 da miliyan, a ranar da ta cika jirage kan yi cunkoso a magudanar kamar go-sulo, wanda bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba yana dukan gada yana dukan gaɓa, wasu baƙin kan ɗauka garin duka gidan tarihi ne su shiga farfajiyar mutane su leƙa taga, gidaje sun yi tsadar da yaran garin ba sa iya saya. Batun babu titi ma rabin gaskiya ne, tsohon tsakiyar garin ne mota ba ta shiga, amma akwai titi a gefe da wuraren ajiye motoci manya-manya.

Sai maganar da ba a sani ba a zamanin haƙar. Irin wannan ƙasa kashi 3 cikin 100 kawai ta rufe na doron duniya, amma sinadarin kabon da ke daskare a cikinta ya fi na dukkan dazuzzukan duniya, in an ƙone ta ko an busar da ita duk sama yake tafiya ya ƙara ɗumamar yanayi. Gonakin kiwon da Holan ta yi a kan busasshiyar fadama har yau lotsawa suke, a wasu wuraren kusan santimita ɗaya a shekara, a ƙasar da dama wajen rubu'inta ke ƙasa da teku, in sun lotsa a ƙara zuƙe ruwa, in an zuƙe su ƙara lotsawa. Ireland da ta daɗe tana ba da lantarki da gawayin fadama, kamfanin gwamnatinta Bord na Móna ya sanar da daina haƙa a 2021. Kuma kar a ɗauka abin na Turai ne kawai, a 2017 masana suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin Kongo akwai irin wannan fadamar mai faɗin wajen murabba'in kilomita 145,000, mafi girma a yankuna masu zafi, Ruwanda kuma tana ƙona nata a tashar lantarki yanzu haka.

Yankin da ya kewaye Giethoorn yau gandun ƙasa ne, Weerribben ta samu wannan matsayi a 1992, aka haɗa mata De Wieden a 2009, faɗinsu wajen murabba'in kilomita 100. Karen ruwa da ya ƙare a Holan a 1988 a nan aka sake sakinsa a 2002 kuma ya hayayyafa. Sai dai fadamar ba ta tsayawa da kanta, in aka ƙyale ta ramuka su toshe, tabarmar ciyawa ta yi kauri, bishiyoyi su fito, cikin 'yan shekarun da ba su da yawa ta zama daji, tsuntsaye da furanni da malam-buɗe-littafin da ake karewa su ɓace. Don haka ana tallafa wa masu yankan ciyawa su ci gaba da yanka duk hunturu duk da cewa ciyawar da ake shigowa da ita daga Chaina da gabashin Turai ta karya musu farashi, hukumomin da ke kula da gandun kuma, Natuurmonumenten da Staatsbosbeheer, sukan kawo injinan haƙa su buɗe sabbin ramuka dogaye a tsakanin tsofaffin kunyoyi, daidai irin waɗanda masu koma da sanda suka bari, don ciyawar ruwa ta samu inda za ta fara rufewa daga farko.